Kuɓewar Baba a Borokiri

Falalu ɗan lambu ne gaba da baya, kuma ba ya son a manta da haka. A Kura ya tashi, a lambun mahaifinsa, kafin neman abinci ya kawo shi Fatakwal yana dakon nama a mayankar Trans-Amadi.

Yana can aka bugo masa waya cewa Baba ya rasu. Kafin ya isa tasha ma har an kai shi makwancinsa. Bai ga gawa ba, bai zuba ƙasa ba, kuma abin ya tsaya masa a rai. Daga baya ƙaninsa ya aiko masa da ɗan ƙulli ta hannun direban motar shanu: irin kuɓewar Baba ne, gajeriya mai yauƙi, wadda tsohon ya yi shekaru yana adanawa. Ragowar ke nan, babu wani.

A bayan ɗakin hayarsa a unguwar Borokiri akwai ɗan fili. Falalu ya sa fartanya ya yi fangali kamar yadda Baba ya koya masa: a kwarfe tsakiya, a ɗaga gefe, don ruwa ya zauna. Ya shuka. Kuma don tsabar sabo, kullum da safe sai ya bi da buta yana ban ruwa. A Fatakwal fa! Garin da sama ba ta gajiya da zuba.

Iya Safiyatu, tsohuwar da ke sayar da tuwo a ƙofar gidan, ta leƙo ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, kifi za ka kiwata ne?"

"Haba Iya, a lambu aka haife ni."

"To Allah ya ba da sa'a."

Ruwa ya kwana biyu yana zuba, fangali ya zama tafki, iri ya ruɓe a ƙasa. Falalu ya ce irin ne bai bushe da kyau ba, ya sake shukawa a ramin nan dai. Wannan karon har ya tsiro, ganye ya fito, sai ya koma ruwan ɗorawa ya kwanta. Da ya tuge ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari.

Ya kwance ƙullin. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Iya ta same shi a tsugune, wannan karon ba ta yi masa tsiya ba.

"Falalu, can gida riƙe ruwa ake yi, nan kuwa korarsa ake. Tara ƙasar ta yi tudu, ka shuka a kai, ka fitar da hanyar ruwa ta gefe. Butar nan kuma ka bar ta don alwala."

"Iya, ba haka Baba yake yi ba."

"Da mahaifinka ya ga ruwan garin nan, da kansa zai rushe fangalin. Hanyarsa kake so ka riƙe, ko irinsa?"

Can ya miƙe ya rushe gefen fangalin, ya shiga jawo ƙasa tsakiya. Fartanya ta yi masa nauyi da laka, ya ajiye ta ya sa hannu, yana tarawa yana daddannawa, har tudun ya yi tsawo ya yi doro.

Sai ya tsaya yana kallonsa. Wallahi kamar sabon kabari.

Hawayen da bai zo masa a tasha ba, sai ga shi yanzu. Ya durƙusa, hannu duk laka, ya yi wa Baba addu'a. Iya ta ce amin a hankali, ta koma wurin tukunyarta.

Ya huda saman tudun da yatsa, ya sa irin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da ƙasa da hannunsa.

Da yamma ruwa ya sake kecewa. Falalu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda yake gangarewa ta gefe yana wucewa kwata. Ranar Juma'ar da ta biyo, kafin ya tafi masallaci, ya zagaya baya. Tudun yana nan, kuma kuɓewar Baba ta fasa ƙasa.