Ai Ba a Ga Jini Ba

Ƙarar da kan Tankari ya yi a kan ƙanƙara ba ta kai ta faɗuwar kwano ba, amma har yau Habsatou tana jin ta a kunne. Tana zaune bayan gilashin filin wasan, a cikin wani katafaren kanti na birnin Guangzhou a China, ta ga mijinta kwance shame-shame, sandarsa tana ta sulalewa ita kaɗai.

Mutumin Maradi da bai san ƙanƙara ba sai a cikin lemo, shi ne ya tsunduma wasan hoki na kan ƙanƙara da girmansa. Ɗan Chinan da ke loda masa kwantena ya ja shi ƙungiyar 'yan kasuwa masu bugawa don nishaɗi duk Lahadi. Habsatou ta sha yi masa tsiya, wai gemai-gemai da shi yana yawo a kan takalma masu wuƙaƙe a ƙasa.

Abokinsa Abdul-Majeed, ɗan zangon Kumasi, ya cire masa hular kwano, ya shafa kan gaba da baya, ya ɗago mata tafin hannu.

"Maman Saffana, kwantar da hankalinki. Ai ba jini!"

Alƙalin wasa yana nuna ƙofa, yana ta maimaita a tafi asibiti. Tankari ya yi dariya ya ce, "Meiyou, meiyou," wato babu komai. Namiji guda ya bar fili don ɗan jiri? Aka sheƙa masa ruwa, aka goga masa man zafi a wuya, ya koma. Kafin a tashi aka sake maka shi da bango. Da ya miƙe yana tangaɗi kowa ya tafa, har da ita. Wannan tafin ne ya hana ta sukuni.

* * *

Ciwon kai ya fara zuwa. Fitilun shagonsa na kasuwar Tianxiu suka riƙa sa shi amai. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya yi jifa da faranti don cokali ya yi ƙara. Ranar da ya ja abokan kasuwa sallar la'asar ya miƙe raka'a ta biyar, ana ta subhanallahi bai san da shi ake ba, sai magana ta tashi: hassadar kasuwa ce, jifa aka yi masa. Aka aiko rubutu daga Maradi, aka turara ɗaki har maƙwabta suka buga ƙofa. Ba wanda ya ambaci ƙanƙara, don ba a ga jini ba.

Sai da ya ɓata tsakanin shago da gida Habsatou ta ja shi asibiti da kuka. Likita ya daɗe yana kallon hoton kan.

"Bugun farko hutu kawai yake so," in ji mai fassara. "Na biyun ne ya yi ɓarnar. Wa ya bar shi ya koma?"

Habsatou ta dubi tafukan hannunta.

* * *

Yanzu Abdul-Majeed ke riƙe da shagon. Tankari yana zama a kujera a cikin shagon, an rage masa fitila. Da azahar ta kawo masa tuwo, kamar kullum ba ta san wanda za ta tarar ba.

"Baban Saffana, ga abinci."

Ya miƙe da fara'a, ya share mata kujera da hannun riga.

"Maraba, Hajiya. Daga wace ƙasa? Me za a nuna miki?"

Ta zauna. Ta nuna wani mayafi da ita ta zaɓo masa a kasuwar Shisanhang, ta tambayi kuɗinsa, don ya daɗe yana yi mata magana.