Ƙullutu a Ƙarƙashin Amawali

Ƙullutun da ke damtsena ya girmi autata Rahma. Kamar curin fura yake, ga taushi, in na taɓa shi sai ya zille nan ya zille can. Bai taɓa hana ni daka ba, kuma duk shekarun nan maigidana bai taɓa ce masa ko sannu ba. Sai ga shi wata safiya ya rufe maƙerarsa, wai lalle yau sai ya kai ni gidan likita a duba hannun nan.

Na ce, "Baban Rahma, yau ka san da shi?"

Ya ce, "Ke dai ɗauko mayafinki."

Maigidan nawa maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas, sunansa Nomau, a yafe mini faɗa. Mutum ne mai riƙon rawani. Amawalinsa, wannan da ke rufe baki da wuya, ba ya sauka gaban kowa. Ko shayi ta ƙarƙashi yake cusa kofin. Mijin babbar 'yarmu har yau bai san ko surukinsa na da gemu ba. A ɗaki kawai yake kwance shi, amma tun damina ko a ɗakin ya daina. Ya rame, ga gumi yana jiƙa masa riga ko ana sanyi. Wata rana yana alwala na hango kumburi a ƙasan muƙamuƙinsa. Da na yi magana sai ya ce kaluluwa ce, ya haɗe rai, ya ja amawali. Na bi shi da lallami, na bi shi da faɗa, duk a banza, ga tsoro na cina.

Saboda haka tun muna cikin adaidaita na gane ba don damtsena aka fito ba.

Likitar da muka tarar mace ce, Madam Ramata, yarinya sa'ar babbar 'yarmu. Da ya gan ta sai ya yi turus a bakin ƙofa, sai da na tura shi ciki. Ta mammatsa hannuna, ta tambayi tun yaushe yake, ko yana ƙaruwa, ko yana zafi.

Ta ce, "Inna, kitse ne ya taru ƙarƙashin fata. Ga shi da taushi, yana motsi, ya daɗe bai ƙaru ba. In yana damunki a cire, in ba ya damunki ki bar shi. Ranar da ya canza dai ki dawo."

Na yi godiya. Shi ko gogan naka bai motsa daga kujera ba.

Ya ce, "Madam, in da a ce mai tauri ne fa?"

"Wannan sai an bincika, Baba. Wanda ya yi tauri, ko ba ya motsi, ko yake ƙaruwa, ko ya yi makonni bai baje ba, ba a zama da shi."

"Ko ba ya ciwo?"

"Ko ba ya ciwo. Rashin ciwon ne ma ke ruɗin mutane."

"To in da a wuya yake?"

Ta dubi wuyana, ba komai. Ta dube shi. Sai ya yi gyaran murya ya ce ai wani abokinsa ne can Ifarwan, mai garka, shi ya ce a tambayo masa.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Madam, abokin nan ni ke wanke mishi rawani, ni ke ba shi tuwo yana bari." Na juya gare shi. "Baban Rahma, ka kawo hannuna a duba maka wuya? Wallahi tsoro nike ji. Kar ka bar ni da ɗiya don tsumman rawani."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, shi bai taɓa buɗe fuska gaban macen da ba tasa ba, ba kuma zai fara da furfura ba.

Madam Ramata ba ta yi masa gardama ba. Ta ce, "Baba, ba ni da aiki da fuskarka. Riƙe bakinka a rufe. Inna, ɗaga mini ta ƙasa."

Haka aka yi. Ya dafe amawali a kan hancinsa da hannu biyu, ya rufe ido, ni kuma na naɗe gefen rawanin sama. Abin ya fi yadda na hango. Ba ɗaya ba ne, sun haɗe kamar dabino a buhu. Ta daɗe tana taɓawa, sannan ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, hannu kaɗai ba ya faɗin ko mene ne, sai an tsotsi kaɗan da allura an yi analiz, wato gwaji, an kuma ɗauki hoton ƙirji.

Kwanakin jiran nan ba na fatan su ga kowa. Da muka koma ta ce ƙwayar tarin fuka ce ta kama kaluluwar wuya. Yana da magani, zai sha na watanni ba fashi, kuma zai warke da yardar Allah. Ni ma aka duba ni, da Rahma.

Da muka iso gida bai shiga ɗaki ba, sai ya ja ni maƙera. Ya tona ƙarƙashin buhun gawayi ya fito da ƙullin tsumma. Sarƙa ce ta amarya, da 'yan kunne da awarwaro, duk na azurfa. Rahma ko yarinya ce, yanzu ta shiga kwaleji, aure da saura.

Ya ce, "Na zaci ba ni ganin ranar aurenta. Na ce bari in bar mata aikin hannuna."

Na juya sarƙar a tafina, hawaye na zuba a kanta. Na ce, "A gaggauce ka yi ta, dubi bakin nan ko gogewa babu. Narke ta ka sake. Kana da lokaci."