Na'urar da Ta Gaskata Baba

Wa za a kama da laifi: tsohon da ya ce da sauƙi alhali ƙafarsa na ruɓewa, ko na'urar da ta gaskata shi? Mai kati ya yi sati uku yana juya tambayar nan a ransa, bai samu bakin zarenta ba.

Shekara goma sha tara yana ba marasa lafiya kati a wani asibiti. Bara aka kawo wata manhaja mai kiran marasa lafiya ta waya kowace safiya, ta tambaye su jiki, ta saurari amsa, sannan ta jera sunayen mutum goma sha biyu da likitan tiyata zai gani a sati. Kafin ta fara aiki sai da aka koya mata magana. Aka zaunar da mai kati wata biyu da abin sauraro a kunne, yana jin muryoyin majinyata yana jefa kowace amsa a akwati: ja, rawaya ko kore. Duk wanda ya ce da sauƙi, kore ya ba shi. Ina kuma zai sa shi? Akwatin uku ne kawai, ga layi na jiransa a taga.

Yanzu ga mahaifinsa, tsohon tela, ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafar da ta taka keken ɗinki shekara arba'in. Kullum ƙarfe takwas waya za ta yi ƙara.

"Barka da safiya. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Sunansa ya zame daga na sha biyar zuwa na talatin da ɗaya.

Mai kati ya hau bene wurin injiniyar da ke kula da manhajar. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ta gane, kuma ba tsohonsa kaɗai ba ne, amma gyaran sai an sake koyarwa, sai kwamiti ya zauna, wata huɗu in an yi sauri. Ya sauko yana lissafin abin da zai rage na ƙafar bayan wata huɗu.

Ranar Laraba ya biya gidan mahaifinsa kafin ya wuce aiki. Yayarsa na durƙushe tana wanke gyambon, ta ɗaure hanci da gefen mayafi.

"Ga likitan kati nan," ta ce. "Kai da kwamfuta a gabanka, ka danna ja mana. Ko sai an yanke ta an ba ka ka sa a fayil?"

"In na sa shi, wani zan cire, Yaya. Na ga matar da ke ta sha biyu a jerin. Ƙafarta ta fi wannan."

"To, waliyyi. Miƙo min auduga."

Ya zauna a bakin gado. "Baba, kalma biyu ce. In ta kira ka ce babu sauƙi."

"Na kwana na tashi, na sha ruwa ya wuce. Wannan ba sauƙi ba ne?"

"Ba godiya take tambaya ba, ƙafa take tambaya."

"Ni ban iya raba su ba. Ban kai ƙarar Ubangijina wurin mutum ba, sai wurin waya?" Tsohon ya yi tsaki. "Kuma wane marar tarbiyya ne ya raine ta? Ko yaron goye ya san in babba ya ce da sauƙi, fuskarsa ake duba."

Yayar ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mai kati ya dubi ruwan robar da ya koma ruwan ƙasa. Gajiya ta hana shi ci gaba da ɓoyewa.

"Ni ne, Baba."

"Kai ne me?"

"Ni na koya mata. Duk mai cewa da sauƙi, ni na ce mata ya warke."

Ruwa na ta ɗiga daga audugar. Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa, ya ga furfurar da ta fara fito masa a gemu, da yadda ya kasa ɗaga kai.

"Mutum nawa?"

"Ban sani ba. Da yawa."

"In aka yanke ta, za ka ce kai ka yanke," in ji tsohon.



Ƙarfe takwas wayar ta yi ƙara a kan matashi. Babu wanda ya motsa har ta kusa tsinkewa. Sannan tsohon ya miƙa hannu, ya kara ta a kunne, ya juya fuskarsa bango.

"Barka da safiya. Yaya jiki?"

Laɓɓansa suka motsa da wani abu da ba da wayar yake ba.

"Babu sauƙi," ya ce. "Yarinya, rubuta. Babu sauƙi."