Takabar Hajiya Turai a Koren Haske

Laifin da zan faɗa shi ne mutum ya mai da baƙin cikin wani abin kallo. Wanda ya aikata shi kuwa Zayd ne, jikan aminina marigayi Alhaji Gimba na unguwar Small Heath a Birmingham.

Zayd yana uni, wato jami'a, a Manchester, yana koyon haɗa fim. Can ya kamu da son tsofaffin finafinan Italiya na ban tsoro, irin waɗanda ake jera labari uku cikin fim ɗaya: tsohon gida, labule mai nauyi, fuska rabi kore rabi ja. Ya ce shi ma haka zai yi project ɗinsa na ƙarshe. Ya gama labari biyu da 'yan ajinsu. Na ukun ya gagara, don bai sami irin fuskar da yake so ba.

Ana cikin haka Alhaji Gimba ya rasu. Matarsa Hajiya Turai ta shiga takaba, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai dole. Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare. Ta rame, idanu suka faɗa. Da Zayd ya zo gaisuwa ya same ta zaune bakin gado cikin farin mayafi, sai ya ga abin da yake nema. Sati na zagayowa ya dawo Birmingham da kyamara.

Ya ce, "Kaka, ki ba ni labarin Alhaji, for the family. Don 'ya'yanmu su san shi."

Ta ce, "Kai da ko Hausar ba ta zauna bakinka ba? Kuma a haka za ka ɗauke ni, kai ba kitso?"

"Mu kaɗai za mu gani, wallahi."

Jin rantsuwa ya sa ta saki jiki. Ta faɗi zuwansu ƙasar nan, ta faɗi jinyarsa, ta yi kuka. Sai ta waiwaya ta dubi ƙofa ta ce, "Har yau in la'asar ta wuce, sai in ga kamar zai shigo daga masallaci."

Wannan waiwayen Zayd ya yanko. Ya zuba wa fuskarta koren haske, ya ja muryarta ta yi kauri, ya ƙara takun sawu da kukan ƙofa tana buɗewa a hankali. Ranar wata Asabar da rana aka nuna fim ɗin a wani zaure a unguwar Levenshulme, can Manchester. 'Yan kallo suka firgita, suka yi tafi. Cikinsu akwai Dakta Na'ima, wadda ta san gidan. Ta ɗauki guntu a waya ta aika wa Abdulsalam, uban yaron, ta ce, "Yaya, wannan ba Hajiya ba ce?"

Ina zaune a falon Hajiya ranar da aka kira Zayd. Hajiya ta ce sai ta gani da idonta. Aka so hana ta, ta ƙi. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya buɗe ƙofar?"

Zayd ya ce, "It's just sound, Kaka, sauti ne kawai. Haka ake yi a irin finafinan. Girmama ki na yi."

Ta ce, "Da na ji takun, ni ma gabana ya faɗi, na ce ko shi ne. Mijina nake nema, su kuma suna tafi." Ta gyara mayafi ta shige ɗaki.

Ga abin da ya rasa. Uban ya sa ya janye fim ɗin, don haka ya maimaita shekara guda a uni. Ya sa ya goge duk abin da ya ɗauka a gabanmu, har da labarin Alhaji na gaskiya, awa biyu, wanda Hajiya ba ta sake ba kowa ba. An karɓe makullin gidan Hajiya da ke hannunsa. Sannan tun yana jariri take kiransa maigidana, tana tsokanarsa da kuɗin cefane. Yanzu in ya gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, Zayd," ta ci gaba da jan carbi.