'Yan Kunne Daga Venice

Malam Habibullahi ya rasu da hantsin wata Talata, a bazarar 1996, a asibitin Greensboro da ke Amirka. A lokacin 'yarsa tilo, Ruwaida, tana ƙasar Italiya tare da ɗaliban ajinsu na zanen gine-gine, suna zagaya tsofaffin birane. Shi ne ya matsa mata ta tafi. Ya daɗe yana koyar da gini a jami'a, amma bai taɓa ganin babbar ƙubbar birnin Florence ba sai a hoto. A filin jirgi ya ce da ita, "Ki kalle ta da kyau, ki zo ki ba ni labari."

Aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa a wajen McLeansville kafin magariba. Matarsa, Hajiya Aminatu, ta shiga takaba: ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ajiye turare. Da mata suka taru a falo, sai maganar Ruwaida ta taso.

Anti Fassouma, maƙwabciyarsu 'yar Zinder, ita ta fara magana. "Hajiya, ba a faɗa wa matafiyi mutuwa. Yarinya ita kaɗai cikin baƙi, wa zai riƙe ta in ta faɗi? Ni ma ina lakwal, ina karatu a Yamai, uwata ta rasu, sai da na iso gida, na ci na sha, kana aka gaya mini."

Haka aka yi wa Aminatu ita ma lokacin rasuwar mahaifinta a Kano. Ta amince.

Washegari wayar gida ta yi ƙara. Muryar Ruwaida ce daga nesa, hayaniyar ƙawaye a bayanta.

"Mama! Na hau ƙubbar har ƙololuwa, ƙafafuna sun mutu! Ina Baba? Ba shi wayar, quick, katin zai ƙare."

Aminatu ta dafa bango. "Ba ya gida."

"Kai, Baba da yawo! Ki ce masa hotunansa duk ƙarya ne, ta fi haka girma."

Ruwaida ta yi dariya, layin ya katse. Aminatu ta daɗe riƙe da kan wayar, tana istigfari a hankali.

Ranar dawowa, mijin Fassouma ya ɗauko Ruwaida daga filin jirgi. Baƙi sun riga sun ragu, an naɗe tabarmi. Aka ba ta ruwa, aka sa mata tuwo, aka ce ta yi salla tukuna. Ta ci tana ba da labari: rusassun gine-ginen Roma, tattabarun da suka sauka a kan malaminsu Gregory, jiragen ruwan da ke bin lungunan Venice. Ta girma a Amirka. Ba ta taɓa ganin mace cikin takaba ba, balle ta gane alamarta.

Ta zaro wani ɗan ƙunshi daga jaka. 'Yan kunne ne na gilashi, shuɗaye.

"Daga Venice. Mama, kunnenki ma babu komai, kamar kin sani. Kawo in sa miki."

Aminatu ta riƙe hannunta. "Ba zan iya sa su yanzu ba, Ruwaida. Sai bayan wata huɗu da kwana goma."

"Me ya sa?"

"Sai haƙuri. Allah ya yi wa babanki rasuwa."

Ruwaida ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi kujerarsa, ta dubi Fassouma, sannan ta ce, "Yaushe?"

"Waccan Talatar da ta gabata."

"Kafin in kira? Ina ta dariya, Mama. You let me laugh. Na hau jirgin ruwa, na sha ayis kirim, na ɗauki hotuna, Baba yana cikin ƙasa."

"Don ke aka yi, 'yata," in ji Fassouma. "Ko kin taso ba za ki tarar da jana'iza ba."

"Da na yi masa addu'a, Anti. Da na zauna da Mama."

Ta shige ɗakinta. Kwanaki suka wuce tana gaishe da uwarta a taƙaice, ba ta haɗa ido da ita. Aminatu ta rasa miji, ga shi tana kallon 'yarta tana nisa da ita a gida ɗaya.

Wata Juma'a bayan la'asar, Ruwaida ta tuƙa mota ita kaɗai zuwa maƙabartar McLeansville. Ta dawo da jar ƙasa a gwiwoyin wandonta, ta tarar da uwarta a kan darduma. Ta zauna a gefe.

"Na ba shi labarin ƙubbar," ta ce. Sai can ta ƙara, "Mama, in ranarki ta zo ina nesa, haka za a yi mini?"

Aminatu ta ajiye carbi. "A'a. Zan gaya wa Fassouma da kowa tun yau. Ko ina kike, a kira ki nan take."

Ruwaida ta gyaɗa kai. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai ɗauko ƙunshin 'yan kunnen daga kan tebur, inda yake tun ranar, ta saka shi cikin akwatin uwarta, ta rufe.