Ruwan Marmaron Hobart

A kwarin nan namu na gabashin Kentucky, in mutum ya miƙo maka kofin ruwan marmaronsa, sha za ka yi ka yaba. Ko tsatsa ka ji a harshe, ka haɗiye ka ce ba ka taɓa shan mai daɗinsa ba. Twila Sizemore ta san haka tun tana rarrafe, amma ta ɗebi ruwan ubanta a kwalba ta kai kwaleji aka auna.

Ita ce ta farko a zuriyarsu da ta wuce sakandare. Ƙaramar kwalejin yankin ta ba ta tallafin da ake ba 'ya'yan ƙauye masu karatun kimiyya, waɗanda iyayensu ba su taɓa taka kwaleji ba. Sharaɗin ɗaya ne: kowa ya yi bincike a ƙauyensu ya miƙa ran Juma'ar ƙarshen zango. Wanda bai miƙa ba, tallafi ya tsaya, karatu ya tsaya. Twila ta zaɓi auna ruwan sha. Ta bi maƙwabta gida-gida, duk suka hana, wani har kare ya sakar mata. Sai ta lallaɓa ta ɗebi na gida.

Sakamako ya nuna guba, mai tsatsowa daga tsohuwar mahaƙar kwal da ke saman dutse. Abin da ba ta sani ba, irin wannan sakamakon sai an aika wa ofishin lafiya. Ran Alhamis ta dawo ta tarar da ubanta Hobart zaune da wasiƙar ofishin a hannu, wake da burodin masara na hucewa a gabansa.

"Ga likitar ruwa ta iso," in ji shi. Ya dubi matarsa. "Opal, share mata kujera, kada ƙazantarmu ta ɓata mata wando."

"Baba, bari in yi maka bayani."

"Ai takarda ta riga ki. Kakanki ne ya jera duwatsun marmaron nan da hannunsa. Shekara sittin ina sha, kin ga na yi ƙaho? Wai in bincikenki ya tabbata, jan allon gargaɗi za su kafa min a bakin hanya, duk mai zuwa coci ya karanta!"

"To ya zan yi? Gubar tana nan."

"Gobe ki je ki ce kin yi kuskure, a kududdufi kika ɗebo."

"In na faɗi haka bincikena ya zama ƙarya. Za su janye tallafin."

"Su janye mana! Don me aka ba ki? Ba don ubanki bai yi karatu ba ne? Kin sayar da jahilcina kin ci, yanzu kuma ruwana."

Maganar ta soke ta, ta ji haushinsa. Hobart ya tashi, ya wuce butar ruwan firij da shi kaɗai ke cikawa kowace safiya, ya tara kofi a famfon marmaro, ya shanye yana kallon tsakiyar idonta.

"Ki zaɓa. Ko takardarsu, ko gidan nan."

Opal ta shiga kwashe kwanuka. Twila ta fita rumbun da ke bayan gidan neman tsohon akwatinta. Tana jan tamfol sai ga jarkokin ruwan kanti jere har bango. Wasu cike, sabbi fil. Na can baya babu komai ciki, rubutunsu ya koɗe, yanar gizo ta lulluɓe su. Sai ta tuna butar firij. Ta juyo, ga ubanta tsaye a ƙofa.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya dubi jarkokin.

"Tun da maruƙa uku suka mutu a bakin kwamin shan ruwansu. Kina 'yar shekara tara. Ke da uwarki ba ku ƙara shan ɗigonsa ba."

"Kai kuma kana ta sha?"

"Ruwan ubana ne."

Tausayinsa ya kama ta, har ta kusa ajiye akwatin. Sai wani abu ya faɗo mata.

"Baƙin da kake miƙa wa kofi fa? Fasto? Matar maƙwabcinmu Ledford da ta zo da ciki wata bakwai, ta sha ta yaba?"

Hobart ya kawar da kai.

"Kofi ɗaya ba ya kashe mutum."

"Matsa in wuce."

Bai matsa ba. Sai da ta raɓa shi, akwatin ya goge masa gwiwa.

Ran Juma'a da safe ta miƙa bincikenta, ba ta canza ko lamba ɗaya ba. A gurbin sunan mai marmaro ta rubuta Hobart Sizemore. An kafa jan allon kafin Lahadi ta biyu, an kuma sabunta mata tallafi. Daga ranar, in aka tambayi Hobart ina 'yarsa mai karatu, cewa yake bai san wadda ake nufi ba.