Yashi a Lanƙwasar Bututu

Ruwa halittar Allah ne, yashi ma halittarsa ne, kuma idan suka haɗu a bututu ɗaya kowanne yana da abin da yake yi wa ɗan'uwansa. Ruwa yana tura ƙwayar yashi gaba. Ita kuma ƙwayar, duk ƙanƙantarta, tana tare masa hanya ta rage masa gudu. A cikin wannan ilimi Injiniya ya yi furfura, a wani kamfani da ke zuƙo yashi daga gindin kogi ya tura shi ta bututu zuwa tudu.

Da kamfanin ya ƙudura shimfiɗa sabon bututu, Manaja ya ce sai an gwada shi a kwamfuta kafin a yanka ƙarfe. Aikin na mutum biyu ne. Manhajar lissafin ruwa tana hannun Injiniya, ta yashi kuwa tana hannun mijin ƙanwarsa, wanda ake kira Dogo saboda tsabar gajartarsa. Teburansu na fuskantar juna, kullum cikin tsokana suke.

"Yaya, ruwanka fa ya cika gaggawa," in ji Dogo. "Ka ce masa ya jira manya."

"Manya su wa? Kai da yashinka duk tsawonku ɗaya."

Haɗa manhajojin biyu shi ne wahalar. Ta ruwa za ta yi ɗan lissafi ta miƙa wa ta yashi; ta yashi ta motsa kowace ƙwaya, sannan ta mayar da amsa, ta nuna wa ruwa inda aka tare shi. Kamar mata biyu ne a kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Ƙwayoyin kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsu, don haka kwamfutar take tafiyar hawainiya.

Ana cikin haka mahaifiyar Dogo ta kwanta asibiti. Ya ɗauki hutu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ga amanar yashina nan."

Bayan tafiyarsa Manaja ya matsa lamba, kullum sai ya leƙo yana tambayar sakamako. Injiniya ya dubi inda lissafin ya kai, ya ga ko kusa ba zai ƙare kafin ranar taron da Manaja ya sa ba. A cikin saitin manhajojin akwai wani ɗan gurbi wanda idan aka kashe shi ruwa zai ci gaba da tura yashi, amma yashi ba zai ƙara mayar da amsa ba. Ya daɗe yana kallonsa. Zuciya ta ce masa yashin ai bai taka kara ya karya ba, kuma idan Dogo ya dawo zai faɗa masa. Haka Shaiɗan yake, ba ya kawo wa mai ilimi ɓarna sai ya lulluɓe ta da hujja. Injiniya ya kashe gurbin.

Nan da nan lissafi ya kammala. Hoton ya fito gwanin sha'awa, ƙwayoyi suna zagaye lanƙwasar bututu kamar garken kifi, babu wadda ta tsaya. Manaja ya yaba, aka ba maƙera umarni. Dogo ya dawo da gajiyar jinya a idanunsa, ya ga hoton ya ce, "Masha Allah." Injiniya ya buɗe baki, sai ya ga ba yau ba. Gobe ma ta zo ta wuce.

Aka shimfiɗa bututu, aka kunna famfo. Bai yi nisa da aiki ba ya toshe a lanƙwasa, yashi ya cushe har sai da aka yanka ƙarfen. A wurin taro Manaja ya bugi tebur.

"Ruwa dai ruwa ne, kowa ya san halinsa. Yashin ne ba a auna daidai ba. Wa ya auna?"

Dogo ya miƙe. "Ni ne, ranka ya daɗe. Hankalina ya rabu a lokacin, mai yiwuwa na yi kuskure."

Injiniya yana zaune kusa da shi, har yana jin numfashinsa. Kalma ɗaya ta isa, amma ya sunkuyar da kai. Aka dakatar da Dogo daga aiki.

Washegari Injiniya ya kunna gurbin nan, ya sake sakin lissafin da awon Dogo yadda yake, bai taɓa komai ba. Kwanaki yana zaune shi kaɗai yana kallo. A hankali ƙwayoyi suka soma kwanciya a lanƙwasa, ruwa ya rage gudu, wasu suka hau kan wasu, har hanya ta rufe a daidai inda aka yanka ƙarfe. Ya yi salati, ya tashi ya nufi gidan ƙanwarsa bayan la'asar.

"Yaya, gara da ka zo," in ji ta. "Zo ka ga surukinka, ya mayar mini da tsakar gida bakin kogi. Abinci ma sai na yi da gaske."

Dogo yana tsugune da mazurari a hannu, yana zuba yashi a kan gilashi, yana auna gangaren tulin da ya taru. Da haka masu wannan aiki suke gane yadda ƙwayoyi ke riƙe juna. Ya rame.

"Yaya, na auna na sake aunawa, abu ɗaya nake samu. Ko dai idona ne ya lalace?"

"Idonka lafiya lau," in ji Injiniya. Ya tsuguna a gabansa ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Da farko fuskar Dogo ta washe. "Ashe awona daidai ne!" Sai murmushin ya dushe. Ya ajiye mazurarin a hankali.

"Don me ba ka kira ni ba? Da na rage yawan ƙwayoyin, mu gwada lanƙwasar kaɗai, da mun gama a kan lokaci. Wannan ma na bar shi. Amma a wurin taro, Yaya, kafaɗarka tana gogar tawa."

Ƙanwar Injiniya tana tsaye da kofin ruwan da ta kawo masa, ta juya ta koma ɗaki da shi.

"Na yafe maka saboda Allah," in ji Dogo. "Sunana kuwa, ka je ka ɗauko shi inda ka bar shi."

Ya je. A gaban mutanen da suka halarci taron da aka zargi Dogo ya nuna sabon lissafin, ya faɗi abin da hannunsa ya yi, ya karɓi hukuncin da aka yanke masa. Manaja ya ba shi saƙo da kansa cewa Dogo ya dawo bakin aiki. Malamai sun ce haƙƙin Allah tuba tana share shi, haƙƙin bawa kuwa sai bawa ya yafe. Amma ko an yafe, ba a tilasta wa zuciya ta sake yarda.

Dogo ya saurari saƙon har ƙarshe, ya yi godiya, ya raka shi bakin titi.

"Ka gaya musu na sami wani wurin. Aikin nan rabi da rabi ne, Yaya. Idan na dawo, duk abin da ka saita sai na bi bayanka na duba, ni kuwa ina jin kunyar in yi wa yayan matata haka."

Injiniya ya gyaɗa kai. Ya so ya ce ya yarda a duba shi, amma Dogo ya riga ya miƙo masa hannu biyu cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.